Ƙusa biyar a jikin katako

Wata baiwar Allah mai shagon ɗinki a Sabon Gari, nan Damagaram, ta aiko mini da wannan tambaya: "Malam, mu huɗu ne a shago, ni da yara uku masu koyo. Ga ɗinkin mutane, ga hidimar gida, ga adashi da ni ce uwarsa. Ina rubuta komai a kaye, amma da na buɗe shi sai gabana ya faɗi in rufe. Dare ya yi ba barci, ina ta lissafin wa da wa na yi wa alkawari. Salla kuma ta ƙarato. Akwai dabarar da zan riƙa ganin aikina da ido, ko hankalina ya kwanta?"

Ƙanwata, sannu da fama. Dabarar tana nan, kuma ba ta cin kuɗi: katako ɗaya, ƙusa kamar talatin, da kwalin sukari wanda ake zubarwa. Na daɗe ina koyar da masu sana'ar hannu tsarin aiki da lissafin shago, teloli da dukawa da masu walda, kuma kukan nan naki shi na fi ji a bakinsu. Kafin mu je ga katakon, bari mu ɗan tsaya kan kayen, tunda shi ke faɗar miki da gaba.

Kaye a rufe yake zama. Abin da ke rufe kuwa zuciya ba ta yarda da shi, sai ta ci gaba da riƙon nata lissafin a gefe, wanda shi ne ke tashin ki ƙarfe biyun dare. In kuma kin buɗe, ya zubo miki komai gaba ɗaya. Rigar da za a karɓa gobe da hantsi tana layi ɗaya da labulen da mai shi ya ce ba sauri yake ba, ga bashin zare a ƙasansu, ga awon wata amarya a gefen shafi, ga abin da aka gama tun makon jiya an soke shi da biro amma yana nan yana cika ido. Ido ya rasa wanda zai kama, sai ya kama duka. Wannan faɗuwar gaban ba ragwanci ba ce. Kan ɗan Adam ne ba a yi shi don ɗaukar kaya irin wannan ba. A 1956 wani masani a Amurka, George Miller, ya rubuta cewa abin da mutum ke iya riƙewa a ka lokaci guda wajen bakwai ne, ko ya ɗara da biyu ko ya gaza da biyu. A 2001 Nelson Cowan ya sake bin binciken da aka tara, ya ce abin bai ma kai haka ba, wajen huɗu ne. Ke kuma in kin zauna kin ƙirga alkawuran da ke wuyanki yau, ina kyautata zaton za su haura arba'in.

Duba mai shayin bakin titinku. Mutum goma na zaune a benci, ya san wanda ya sha da madara, wanda ya ƙara ƙwai biyu, wanda bai biya ba. Da mutum ya biya ya tashi, ki tambaye shi me wancan ya ci, sai ya hau sosa ƙeya. A 1927 wata mai bincike a birnin Balin na Jamus, Bluma Zeigarnik, ta gwada irin wannan, ta tarar mutane sun fi tuna ayyukan da aka katse su ba su gama ba a kan waɗanda suka kammala. Waɗanda suka maimaita gwajin daga baya ba kullum suka samu abin da ta samu ba, saboda haka ba na jingina da shi sosai. Wanda ya fi yi mini amfani shi ne na 2011, na Masicampo da Baumeister. Sun nuna cewa aikin da ba a gama ba yana ta kutsowa cikin tunani, amma da mutum ya tsara takamaimai yadda zai yi shi da lokacin da zai yi, kutsen yana raguwa, ko da bai taɓa aikin ba tukuna. A 2018 kuma, a Jami'ar Baylor ta jihar Texas, an sa mutum 57 su yi rubutu na minti biyar kafin kwanciya. Waɗanda suka rubuta abin da ke gabansu sun riga waɗanda suka rubuta abin da suka gama yin barci, da kamar minti tara. Minti tara ba abin a zo a gani ba ne, mutum 57 ma ba taro ba ne. Amma ya yi daidai da abin da na gani a shaguna: zuciya ba gamawa take nema ba kafin ta saki abu, so take ta tabbata an ajiye shi inda ba zai ɓata ba.

To ga wurin ajiyar. Ki sa kafinta ya yanko miki katako mai faɗi, ki raba shi gida huɗu daga hagu zuwa dama da alli ko fenti. Gidan farko na kayan da kika karɓa ba a taɓa su ba. Na biyu na abin da ke hannu yanzu, wanda almakashi ko keke ke kansa yau. Na uku na wanda ya tsaya saboda ana jiran wani. Na huɗu na wanda aka gama, sai mai shi ya zo. Kowane ɗinki kati ɗaya, ki yanko daga kwali kamar faɗin tafin hannu, ki huda shi a sama, ki rataya a ƙusa. Aiki ya motsa, katinsa ya motsa. Iyakar ginin ke nan.

A jikin katin, sunan mai kaya, ranar alkawari da manyan lambobi, sai abu na gaba da za a yi masa, da kalma ɗaya ko biyu: yanka, haɗa hannu, sa zif, guga. Kada ki rubuta "kayan Hajiya" kawai, don wannan ba ya gaya wa kowa abin da zai yi in ya zauna kan keke. Sannan ki yanko ɗan ƙyalle daga bakin yadin, ki ɗinke shi a jikin katin. Wannan ƙyallen ya fi rubutun duka aiki. Yarinyar da ba ta yi boko ba, daga bakin ƙofa za ta hango shuɗiyar shaddar nan ta san inda ta kwana. Ke ma ba sai kin kwance leda bakwai a ƙarƙashin tebur kina neman atamfa mai ganye ba. Kuɗi kuma, abin da aka ba da na kafin alƙalami da abin da ya saura, a bayan katin za ki rubuta, fuskar da ke kallon katako. Shago wurin shigar kowa ne, kuma ba mai son kishiyarta ta karanta bashinta a bango.

Kada ki yi da ƴan takardun nan masu gam da ake kira Post-it. A ofisoshin Turai suna aiki. Nan kuwa, tsakanin ƙurar hunturu da zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, gam ɗin ba ya kwana uku. Ni kaina na sha wannan. A wani wurin aiki da na taɓa riƙewa, na cika bango da su, launi-launi, ina ta jin daɗin kaina. Wata rana aka dawo da wuta, fanka ta tashi, uku suka sauka. Biyu na tsinta. Ta ukun ta shige bayan kabad, kuma a kanta aka rubuta kayan da za a kai wa wasu mutane kafin ranar kasuwar Mirya. Sai da suka zo da kansu ranar Lahadin da yamma, ransu a ɓace, na san akwai ta. Tun daga nan na koma ƙusa.

Yanzu ga inda maganin yake, kuma nan ne mutane suka fi yi mini gardama. Gidan farko ki buga masa ƙusa ko nawa kike so, a jera katuna bisa ranar alkawari, mafi kusa a sama. Gida na biyu kuwa, na abin da ke hannu, ƙusa biyar kacal. Huɗu naku, kowa da tasa, ta biyar ki shafa mata jan fenti, ta gaggawa ce. Ƙusa ɗaya, kati ɗaya. Ba a ɗora wani kan wani. In biyar ɗin a cike suke, ba a sa almakashi a sabon yadi, ko na wane ne, sai wani kati ya tashi ya bar gurbi.

Wannan ba ƙirƙirata ba ce. Daga masana'antar motoci ta Toyota a Japan ta fito, inda wani injiniya, Taiichi Ohno, ya gina ta tun daga ƙarshen shekarun 1940 zuwa cikin na 1950. Suna kiran ta kanban, wato kati ko allon sanarwa a harshensu. Kowane akwatin kayan haɗa mota yana tafe da katinsa, kuma sashen da ke ƙera kayan ba ya ƙera ko ɗaya sai kati ya dawo masa daga sashen da ke gaba. Yawan katunan ƙayyadadde ne, saboda haka kayan da aka fara ba a gama ba ba su da hanyar taruwa su yi tsibi. Daga baya masu rubuta manhajar kwamfuta suka ɗauka, yau har asibitoci da ofisoshi na yi. Mu kuma mun san abin tun kafin a haifi Ohno. Leƙa kowace makarantar allo a Garin Malam ko Birni. Alƙur'ani izu sittin ne, amma abin da ke kan allon yaro ƴan layuka ne. Malam ba ya yi masa ƙari sai ya biya wannan ya zauna, sannan a wanke allon a rubuta na gaba. Ba wanda ya taɓa cewa malamin nan yana ɓata wa yaro lokaci. Da za a rubuta masa izu guda a alluna goma a jera masa, kuka zai yi, kuma ko layi ɗaya ba zai riƙe ba. Kayenki izu sittin ne a buɗe. Gida na biyu shi ne allon.

Na san abin da za ki ce: gara in yanka guda ashirin lokaci ɗaya tunda almakashi na hannuna, ya fi sauri. Bari mu yi lissafi. Akwai wata ƙa'ida da wani masani a Amurka, John Little, ya tabbatar a 1961, mai sauƙi ce: daɗewar abu a cikin layi daidai take da yawan abin da ke layin, a raba da yawan da ke fita a rana. Mu ƙaddara shagonki na gama kaya huɗu a yini. In kin yanka ashirin, kowane ɗaya zai yi wajen kwana biyar tsakanin yanka da guga. In biyar ne a buɗe, kwana ɗaya ne da ɗan abu. Kekunan ba su ƙara gudu ba, huɗun nan dai su ke fita. Bambancin shi ne cikin kwana biyar ɗin nan ne hannun riga ke ɓata, ake haɗa wuyan wannan da jikin waccan, a manta wa ya ce a sake masa ƙugu. Ga kuma abin da ya fi wannan: yadin da ba a yanka ba ana iya mayar wa mai shi da mutunci, tun da sauran lokaci, ya kai wani wuri. Wanda aka yanka ya zama naki, ko kin iya ko ba ki iya ba. In yankan da yawa ya zame miki dole, kamar kayan yara masu awo ɗaya na gida ɗaya, ki haɗa su kati ɗaya, amma ki san kati ne mai nauyi.

Jar ƙusar nan kuma ki sa mata ido. Amfaninta rigar amarya da ta yage ana gobe ɗaurin aure, ko abin da ya yi kama da haka. In kin ga kullum akwai kati a kanta, to ba gaggawa ke hawanta ba, masu ƙarfin baki ne. Akwai mai kayan da ta fi kowa kiran waya, akwai wadda ke zuwa ta zauna a shago ba ta tashi sai an ɗauko nata. Ba tare da katako ba, su ke tsara miki yini, mai haƙuri da ta kawo nata tun farkon wata tana can ƙasan tsibi. Da katako, kina da abin nunawa: "Hajiya, ga naki nan, biyu ne a gabansa, jibi in Allah ya so zai hau." Mutum ya ga ƙyallensa a rataye da rana a jiki, rabin faɗan ya mutu. Gani ya kori ji.

Gida na uku shi ne wanda littattafan Turawa ba su cika ba shi girma ba, mu kuwa a nan rabin wahalarmu a cikinsa take. Riga na wajen mai surfani. Ana jiran maɓalli ko leshi daga Kano. Mai kaya ba ta zo gwaji ba. An ɗauke wuta, keken aikin wuya ya tsaya. Duk waɗannan ba abin da hannunki zai yi musu yanzu, amma suna zaune a kanki da nauyi ɗaya da wanda ke kan keke. Da kin mayar da katin gida na uku, ki rubuta abu biyu da fensir: wa ake jira, da ranar da ya shiga. Ƙusarsa ta gida na biyu ta samu gurbi, wani ya hau. Sannan ki ware lokaci ɗaya na bin sawu, kada ki yi ta yi duk yini. Masu shagon da na sani da yawa sun zaɓi safiyar Alhamis, tunda ranar babbar kasuwa ce, dama za a aiki yaro Kasuwar Dole sayen zare, sai ya biya wajen mai surfani a tafiya ɗaya. Da salla ta matso, kullum bayan azahar. Katin da ya kwana bakwai a gidan nan yana gaya miki wani abu, ko dai mai surfanin nan ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa, ko mai kayan ba ta da kuɗin karɓa tana jin kunyar faɗa.

Saboda maganar wuta, ki yi wa katunan da ba sa yiwuwa sai da lantarki alama ɗaya, ko ɗigon baƙi a kusurwa. In an kawo wuta, masu ɗigo ke hawa. In an ɗauke, a koma yanka da aikin hannu da keken ƙafa. Daga wannan alamar da jar ƙusa, kada ki ƙara wata. Na taɓa zana wa wasu masu walda allo mai gida bakwai da launi biyar, kowane launi da ma'anarsa. Kwana goma na dawo na tarar sun jingina shi a bango suna rataya abin rufe ido a kai. Laifina ne, ba nasu ba.

Katako na nuna abin da kika riga kika karɓa. Bai hana ki karɓar abin da ya fi ƙarfinki ba, kuma kafin salla nan ne ake faɗawa rami. Ga abin da nake sa teloli su yi. Mako guda, kada ki zubar da katunan da aka gama, ki tara su a ƙusa ɗaya, ran Juma'a ki ƙirga. Wannan shi ne ainihin ƙarfin shagonki, ba wanda kike ji a ranki ba, kuma kusan kowa in ya ƙirga yakan tarar bai kai yadda yake zato ba. Mu ce huɗu ne a yini, kuma kwanakin aiki 18 suka rage. 72 ke nan. Ki cire 12 saboda ɗauke wuta, da zazzaɓin yaro, da gaisuwar rasuwa da ba a sa ranarta. Saura 60. Ki ɗebo tsakuwa 60 ki zuba a kwano ki ajiye kan tebur. Ki fara cire na kayan da ke kan katako tukuna: rigar yaro tsakuwa ɗaya, riga da zane biyu, babbar riga mai aiki uku ko huɗu. Abin da ya rage a kwanon shi ne abin da za ki iya karɓa. Duk wadda ta kawo ɗinki, a gabanta za ki cire tsakuwarta. Ran da kwano ya koma wayam, an rufe karɓa, sai na bayan salla.

Zai yi miki ciwo, ban ɓoye miki ba. Kuɗin shekara a makonnin nan yake, kuma wadda za ki mayar wataƙila ƙanwar mijinki ce. Amma kin san yadda daren salla ke kasancewa a shagon da ya karɓi ɗari alhali ƙarfinsa sittin: mutane tsaye a ƙofa har asuba, tela ta kashe salula ta ɓuya gidan maƙwabta, yaro na kuka ba rigar idi. Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Wadda kika ce wa "ba gurbi" tun da sauran mako uku za ta yi fushin kwana biyu ta dawo bayan salla. Wadda kika riƙe wa yadi har daren idi ba ta dawowa, kuma sai ta gaya wa duk unguwarsu. Tsakuwar ma tana ɗauke miki nauyin baki, don ba ke kika ƙi ba, kwano ne ya ƙare, ga shi tana gani.

Hidimar gida da adashi kada su hau katakon shago. Ki samu ƙaramin allo irin na ƴan makaranta, ki rataya a ɗaki. Mu yininmu ba da agogo yake tafiya ba, da salla yake tafiya, saboda haka ki ja layi ki raba shi haka: bayan asuba, hantsi, bayan azahar, bayan la'asar, bayan isha'i. Kowane gida abu ɗaya, in ya yi yawa biyu, kuma duk yinin kada manyan su wuce uku. In gidan ya cika, abin ya koma gobe, ki rubuta shi a bayan allon. Ki bar gida ɗaya ba komai da gangan, don a garin nan ba ki san daren da pampo zai kawo ruwa ba, ya sa ki kwana kina tara ruwa, safiya ta tafi a barci. Adashi kuwa zanensa daban ne: sunaye a tsaye, makonni a kwance, wadda ta zuba a ja mata sanda. Iyayenmu mata da gawayi suke yin wannan a bangon ɗaki, na bashin fura da na ɗan garuwa, kuma ba a cika cin su ba. Ramin da ba sanda shi kaɗai ido ke nema.

Za ki ji ana maganar wasu zane-zanen. Akwai mai gida huɗu da ake jingina wa Eisenhower, tsohon shugaban Amurka, inda ake raba aiki tsakanin mai muhimmanci da mai gaggawa. Yana da kyau ga mai tsara shekararsa. Ga tela ana saura mako uku salla, komai zai faɗa gida ɗaya, ba abin da ya ƙaru. Akwai kuma na wani injiniya Ba'amurke, Henry Gantt, tun wajen shekarun 1910, mai dogayen sanduna a kan kwanaki. Wannan ki ajiye shi sai kin karɓi kayan biki gaba ɗaya, inda sai an gama wani kafin a fara wani, sai ki faro daga ranar ɗaurin aure ki yi ta ja da baya. Manhajojin salula irin su Trello katakon nan ne dai aka sa a gilashi. Suna da amfani ga wanda abokan aikinsa ke wani gari. Ke kuwa ku huɗu ne a ɗaki ɗaya, kuma salular ita ce ƙofar da damuwar ke shigowa: kin ɗauko don duba aiki, kin tarar da saƙon murya goma sha biyu a WhatsApp. Amfani biyu zan ba ta. Duk alkawarin da kika ɗauka ta waya, kafin ki ajiye ta ki yanka masa kati, in ba haka ba ya koma cikin kanki. Da yamma kuma ki ɗauki hoton katakon kafin ki rufe shago, don in tunani ya taso da dare ki duba sau ɗaya ki ga komai na nan a rataye.

Abin da ke kashe irin wannan katako ɗaya ne: ya daina faɗar gaskiya. Ran da aka gama riga katinta bai motsa ba, ko aka fara wata ba kati, daga ranar zuciyarki ta daina yarda da shi, ta koma riƙon nata lissafin. Maganinsa minti biyar da safe kafin a taka keke, ku huɗun a tsaye gabansa. Ki fara daga dama: wa za a kira ya zo ya karɓa, me ya tsaya, sannan me ke hannu. Sabon aiki shi ne na ƙarshen dubawa. Kuma kowace yarinya ita za ta matsar da katinta da hannunta, ba ke ba. Za ki ga yadda ƴar shekara goma sha biyar ke tafiya da ƙafa ta cire kati daga gida na biyu ta kai na huɗu tana waiwayen ko an gan ta. Wadda katinta ya kwana uku bai motsa ba kuma, ba sai kin yi faɗa ba, ki je ki zauna kusa da ita, galibi wani abu ne ba ta iya ba take jin nauyin tambaya.

Ranar farko ita ce mai wuya. Za ki juye kayen da kanki da ƙarƙashin tebur duka a kan katuna, gidan farko ya cika har ya ba ki tsoro. Kayan dama suna nan, yau ne kawai kika gan su a fili. Ki jera su bisa rana, ki cire waɗanda kika san ba za su yiwu ba ki kira masu su a ranar, ki rataya huɗu a gida na biyu, sauran ki juya musu baya. In kuma bayan mako biyu ko uku aiki ya daidaita amma barcin bai dawo ba, ko abinci ya fita ranki, ko kina jin bugun zuciya da kuka ba dalili, wannan ya wuce aikin katako. Ki je likita a duba ki, har da hawan jini, kuma ki gaya wa wani naki na kusa.

Wajen kafinta, ki ce kada ya doke ƙusoshin har ƙarshe, ya bar kamar gaɓar yatsa a waje, ya ɗan karkata su sama don kada iska ta zubar da katunan. Ki kafa katakon a bangon da ke fuskantar kekenki, daidai tsayin ido in kina zaune, gida na biyu ya zo saitin inda kike ɗaga kai in kin yanke zare.